Tsohuwar Vespa na nan da ƙarfinta, masu gyaran ta ne suka yi ƙaranci

A zaurukan tsofaffin gidaje da dama a cikin biranen Kano, Zariya, Katsina da Sakkwato, akan tarar da wani abu jingine a lungu, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma ko buhu. Idan aka yaye, sai a ga Vespa ce, wadda jama'a suka fi kira Basfa. Tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe ta, wani lokacin ma kaza ta mayar da wurin ajiye ƙafa wajen saka ƙwai.

Mai ita ya tsufa ya daina hawa, ko kuma Allah ya yi masa rasuwa. Magada ba su iya sayar da ita ba saboda da ita aka riƙa kai su makaranta, amma kuma babu wanda ya damu ya tayar da ita.

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafi ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Wasu magidanta suka ajiye mota. Sabon babur kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfin mai albashi. Sai ido ya koma kan abin da ke lulluɓe a zaure.

A nan ne matsala ta biyu ke ɓullowa. Babur yana nan, kuma sau da yawa injinsa lafiya lau yake. Abin da ya yi wuya shi ne hannun da ya san shi. Mutum zai tura ta zuwa wurin mai gyaran babura na bakin layi, yaron ya zagaya ta sau biyu, ya duƙa ya leƙa, sannan ko dai ya faɗi gaskiya cewa bai iya ba, ko kuma ya ɗauko guduma. Na farkon ya fi alheri nesa ba kusa ba.

Yadda ta shigo ta zauna

A 1946 kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙera Vespa a garin Pontedera. Wanda ya tsara ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne, kuma ba ya son baburan zamaninsa saboda dattin sarƙa da wahalar sauya taya. Don haka ya ɗora injin a gefen tayar baya, ya cire sarƙa gaba ɗaya, ya sa garkuwa a gaba mai kare ƙafafu daga taɓo, ya mayar da giya hannun hagu. Sunan kansa da Italiyanci yana nufin zanzaro, saboda siririn ƙugu da faffaɗan baya da kuma irin ƙarar da take yi.

Wannan tsari ya yi wa suturar Bahaushe daidai kamar an auna. Mai babbar riga ba sai ya ɗaga ƙafa ya haura tanki ba. Zai zauna kamar a kujera, ya tattara hannun riga, ya isa kasuwa ko ɗaurin aure ba tare da baƙin mai ya taɓa shaddarsa ba. Shi ya sa ta zama abin hawan 'yan kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan En'e da dattawan unguwa.

Kasuwar babura ta buɗe sosai a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da arzikin man fetur ya shigo, gwamnatin Janar Yakubu Gowon kuma ta biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, haɗe da ariyas. A wancan zamanin ne Vespa 150 Super da Sprint suka cika tituna, tare da Honda, Yamaha da Suzuki. A 1977 aka fito da samfurin PX.

Ina makanikan suka tafi?

Abin mamaki, lokacin da aka fi samun gwanayen gyara shi ne lokacin da aka fi shan wahala. Bayan shirin SAP na 1986 ya karya darajar Naira, sabon babur da sabbin kayan gyara suka fi ƙarfin talaka. Dole makanike ya koyi raya abin da ya mutu: ya naɗa wa kwayil sabuwar waya, ya yanka fakin daga kwali mai kauri, ya goge kwantak da ɗan fayil, ya kai silinda a yi mata bori a sa fistin mai ɗan girma. Waɗanda suka yi koyo a wancan lokaci su ne tsofaffin da ake cigiya yanzu.

Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan China irin su Jincheng suka malalo kasuwa, daga baya Bajaj Boxer na Indiya ya biyo su. Suka zo da kayan gyara masu araha, har ta kai sayen sabuwar kafireta ya fi sauƙi a kan zama a wanke tsohuwa a saita ta. Wutarsu kuma daga wani ɗan baƙin akwati take fitowa, wanda ba a buɗe shi: in ya mutu a jefar a sa wani. Yaron da ya yi koyo a wannan zamani ya ƙware a kan cirewa da sakawa cikin sauri, domin ɗan acaɓa yana tsaye a kansa yana jiran ya koma aiki. Ba laifinsa ba ne. Abin da kasuwa ta nema ke nan.

A Kano an ƙara samun wani sauyin a Janairun 2013, lokacin da gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur. Masu gyara da yawa suka bi abokan cinikinsu zuwa Adaidaita Sahu. Tsofaffin kuwa, wasu ido ya yi rauni, wasu sun koma sayar da kaya, wasu sun rasu da abin da suka sani.

Ko daga waje ma rijiyar ta fara ƙafewa. Kamfanin Bajaj, wanda ya fara ƙera Vespa da lasisin Piaggio a 1960 sannan ya ci gaba da nasa samfurin mai suna Chetak, ya daina ƙera shi wajajen 2005. Kamfanin LML na garin Kanpur, wanda ya yi shekaru yana fitar da tagwayen PX, ya rufe a 2017. Ita kanta Piaggio ta daina PX a daidai wannan lokaci, saboda dokokin hayaƙi na Turai.

Abin da ya bambanta injinta

Dalilin da ya sa ba kowane mai gyara zai taɓa ta ba shi ne, injin tsohuwar Vespa ba irin na baburan yanzu ba ne. Mai bugu biyu ne, wato wanda ake haɗa masa fetur da mai a tanki ɗaya, kamar ƙaramin janareton nan na masu shaguna. Ba shi da bawul, ba shi da sarƙar taimin, ba shi da wurin zuba baƙin mai na inji. Man da ke cikin fetur shi ne kaɗai abin da ke shafe fistin da boris. Ma'aunin da kamfani ya bayar ga Super, Sprint da PX shi ne kashi 2 cikin 100: mililita 20 na man 2T a kowace lita, wato mililita 100 a lita 5. Wasu PX suna da tankin mai daban da ke haɗawa da kansa.

Na biyu, fetur yana shiga injin ne ta wata ƙofa da karanshaf ke buɗewa ya rufe yayin da yake juyawa, kuma tazarar da ke tsakaninsa da jikin injin ba ta kai kaurin takarda ba. Idan aka cire matatar iska, ko robar da ke kai mata iska ta yage aka bar ta haka, ƙurar hunturu za ta shiga ta kankare wurin. Wannan ba ƙaramin abin da ake saya a canza ba ne, jikin injin ne kansa.

Na uku, sanyaya injin aikin wata fanka ce da ke jikin magineto, tana hura iska cikin murfin da ya lulluɓe silinda. Akwai masu gyaran da ke cire wannan murfi wai don inji ya sha iska. Sakamakon akasin haka ne: iskar ta watse, silinda ta ɗau zafi, fistin ya kama a tsakiyar titi.

Na huɗu, giya da wayoyi biyu take aiki, ɗaya na ja ɗaya na saki. Saita su yana buƙatar haƙuri da sabo. Na biyar kuma, yawancin na kafin shekarun 1980 da kwantak da kwandensa suke ba da wuta, abin da matashin makanike zai iya shekara goma a sana'a bai taɓa gani ba.

Inda ake fara cigiya

Gwanin tsohon babur ba ya kafa allo. Sau da yawa ma ba a bakin babban titi yake ba, yana cikin lungu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ko wata rumfar kwano da ya shekara talatin a cikinta. Hanyar da ta fi kai mutum wurinsa ita ce ta masu hawa. Duk dattijon da aka gani a ƙofar masallacin Juma'a ko bakin kasuwa da Vespa mai tashi a bugu ɗaya, mai ƙara sumul, ba ta zubar da mai a inda aka ajiye ta, to akwai wani a bayanta. A yi masa sallama a tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata, kuma masu irin wannan babur ba sa gajiya da hirarsa.

Hanya ta biyu ita ce tsofaffin masu sayar da kayan babura, irin waɗanda ake samu a Fagge da Sabon Gari a Kano. Su suka san wanda har yanzu yake aiko yaro sayen kwantak da wayar giya. Hanya ta uku ita ce masu injin bori da masu dalma da walda, irin na Panteka a Kaduna. Duk makaniken da ke kawo musu silinda da awonsa a rubuce, sun san shi, sun kuma san wanda aikinsa ke yawan dawowa.

Kada a raina garejin Adaidaita Sahu. Asalin keken mai ƙafa uku daga gidan Vespa ya fito: Piaggio ta fara ƙera shi a 1948 da sunan Ape, Bajaj kuma daga nan ya samo nasa. Har yau giyarsa a hannun hagu take, da waya. Dattijon da ke zaune a kan benci a irin wannan gareji yana nuna wa yara aiki, mai yiwuwa da Vespa ya fara.

Idan suna ɗaya ya fito daga bakin mutum biyu ko uku da ba su san juna ba, an kusa zuwa.

Alamomin gwani

Gani ya kori ji. Kafin a miƙa makulli, yana da kyau a je a zauna a rumfar na ɗan lokaci ana kallo.

Gwani yana fara aiki da tambaya. Yaushe rabon da a tayar da ita? Da wane mai ake haɗa mata? Tana mutuwa ne da sanyi ko in ta ɗau zafi? Wa ya taɓa ta a baya? Sannan ya saurari ƙararta, ya kwance filogi ya duba. Filogi mai ruwan ƙasa-ƙasa alama ce ta lafiya. Baƙi mai jiƙe da mai yana nuna fetur ko mai ya yi yawa, ko wuta ta yi rauni. Fari fat kuwa shi ne abin tsoro, domin yana nuna iska ta fi fetur yawa, injin yana ƙonewa daga ciki.

Yana bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Idan giya tana tsalle tana fita da kanta, zai fara saita wayoyi. Sai in hakan bai yi ba zai yi maganar raba inji don canza ɗan ƙarfen nan mai fuska huɗu da ke zaɓar giya, wanda dama an yi shi ne don ya cinye a madadin haƙoran giyar. Wanda kuwa kafin ya ji ƙarar babur ya ce sai an sauke inji, a yi masa godiya a wuce.

A dubi kayan aikinsa. Magineton PX yana da ƙarfen da aka yi musamman don zare shi, notin kuloci ma yana da nasa makullin. Wanda ba shi da su zai sa guduma da kurfi, kuma bugu ɗaya na iya lalata bakin karanshaf ko ya raunana maganaɗisun da ke ba da wuta. Gwani yana da siraran ƙarafan auna tazara, domin buɗewar kwantak tsakanin milimita 0.3 zuwa 0.5 take, ba abin da ake kintata da ido ba ne. Yana da kwano ko tire da yake zuba notuna, ba ya watsa su cikin yashi.

Akwai tambaya ɗaya da ke saurin raba gwani da ɗan koyo: me ke sa inji ya riƙa ƙara gudu shi kaɗai alhali ba a murɗa totur ba? Wanda ya san Vespa zai ambaci iskar da ke satar shiga, ko ta gindin kafireta ko ta oyil-sil na ɓangaren magineto. Zai kuma ƙara da cewa idan na ɓangaren kuloci ne ya mutu, injin zai riƙa zuƙar man giya, hayaƙi ya yi kauri, man giyar kuma ya yi warin fetur.

Alama ta ƙarshe ita ce ya iya cewa wannan ba aikina ba ne. Jikin Vespa ƙarfe ne guda da aka matse, shi ne gangar jiki shi ne kuma ƙashin baya. Idan tsatsa ta cinye wurin ajiye ƙafa, ko haɗari ya lanƙwasa wuyanta, aikin mai walda ne da mai bugun kwano da suka san ta. Makanike na ƙwarai yana da mutanensa da zai tura mutum wurinsu.

Idan ta daɗe a ajiye

Babur ɗin da ya shekara biyar ko goma a zaure ba a fara masa da buga kik. Tsohon fetur ya riga ya daskare ya zama danƙo a cikin kafireta da famfon tanki, tankin kansa wataƙila ya yi tsatsa, ringi kuma sun manne. Makanike mai hankali zai zuba ɗan mai ta ramin filogi, ya bar shi ya jiƙa, ya juya injin da hannu a hankali. Zai wanke tanki da kafireta, ya zubar da tsohon man giya ya zuba sabo, wanda bai wuce rubu'in lita ba.

Tayoyi da tif sai an canza, ko da zanensu bai cinye ba, domin roba tana tsufa ta tsattsage. A lura cewa Super ƙafa mai inci 8 gare ta, Sprint da PX kuwa inci 10. Haka ma takalman birki, saboda fatar da ke manne a jikinsu tana iya ɓallewa bayan dogon zama, ta kulle taya ana cikin tafiya. Wayoyin birki, kuloci da giya duk a sabunta su. Wanda ya yi tsimi a nan, da ransa yake ciniki.

Batun kayan gyara

Kaya iri uku ake samu. Akwai na asali da aka ciro daga wata Vespa da ta mutu. Akwai na Indiya, waɗanda da yawansu suna shiga PX daidai saboda dangantakar LML da Piaggio, kuma a cikinsu akwai masu kyau akwai na banza. Akwai kuma jabu, masu kwali mai ƙyalli da sunan Italiya a jiki. Kasuwar Nkwo da ke Nnewi a Jihar Anambra ita ce babbar cibiyar kayan babura a ƙasar nan, kuma 'yan kasuwar Arewa da dama daga can suke sari, amma ko a can kayan tsofaffin samfura sai an tona.

Kafin a sayi komai, a san ainihin samfurin. Lambar da aka buga a jikin firam tana farawa da haruffan da ke faɗin haka: VBC na 150 Super ne, VLB na Sprint, VLX na PX 150, VSX kuma na mai 200. A duba lambar inji ita ma, domin a cikin shekara arba'in ba mamaki an taɓa sauya shi. Fistin ɗin wani samfurin na iya kama da na wani a ido, amma ya bambanta a awo.

A nan ma ake gane darajar gwani. Tsohuwar kafireta ta asali, ƙirar Dell'Orto, idan aka wanke ta aka sa mata sabon fakin da allura, ta fi sabuwa ta kwaikwayo daɗewa. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma oyil-sil, boris da ringi ba a sa na hannu, ba a kuma sa masu araha, tunda in suka gaza sai an sake raba injin gaba ɗaya.

Ciniki da amana

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai babur da makanike daga rashin bayani a farko take. Abin da ya fi shi ne a fara gwada mutum da ƙaramin aiki, kamar wankin kafireta ko saitin wayoyi, kafin a damƙa masa inji. A raba kuɗin aiki da kuɗin kaya. A yi sharaɗin cewa duk abin da aka cire za a dawo da shi, kuma idan aka buɗe aka ga wata matsalar daban, a kira mai shi kafin a ci gaba.

A ɗauki hoton lambar firam, lambar inji, kafireta, magineto da fitilu da waya kafin a bar babur. Wannan ba zargi ba ne. A rumfar da babura da yawa ke kwance a buɗe, kuma yara da dama ke shiga da fita, kayan wani na iya komawa jikin na wani ko da ba da niyya ba. Makanike mai gaskiya ba ya jin haushin haka.

Kada a biya kuɗin aiki duka a gaba, kada kuma a bar babur ba tare da ranar karɓa ba. Vespa da ta yi wata uku a gareji ba a leƙa ta ba, sannu a hankali takan zama rumbun da ake ɗibar kayan gyara.

Amma adalci hanya biyu ne. Makaniken da zai yini yana saita wuta da giya, a wannan lokacin da ya gyara Boxer shida ya karɓi kuɗinsa. Idan mai Vespa ya zo yana taya aikin yini da kuɗin canza filogi, yana cewa ai babu abin da aka saya, to shi ma yana cikin masu korar gwanaye daga sana'ar. Abin da ake biya shi ne sanin inda ciwon yake.

Haƙƙin da ke kan mai babur

Akwai ɓarnar da babu makaniken da zai iya hana ta. Babba a ciki ita ce haɗin mai. Al'adar da aka saba da ita a kan ƙaramin janareto, ta tsiyaya kowane irin baƙin mai cikin fetur da ka, har da wanda aka juye daga mota, ita ce ke toshe salansa, ta daskarar da ringi, ta kashe filogi. Kwalbar awo ƙarama a cikin akwatin babur ta magance wannan.

Sai rufe famfon fetur duk lokacin da aka ajiye ta, da wanke matatar iska a kai a kai musamman da hunturu, da duba man giya. Idan an yi bori an sa sabon fistin, a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita na farko a hankali, ba tare da murɗe totur zuwa ƙarshe ko ɗaukar kaya mai nauyi ba. A riƙa yawo da filogi ɗaya da wayar kuloci ɗaya, a kuma tabbatar tayar safaya tana da iska. Sannan a sabunta takardu da lamba, domin babur ɗin da ya fito daga zaure da takardun 1982 zai yi bayani mai tsawo a shingen farko.

Yawancin waɗannan sharuɗɗan sun shafi sauran tsofaffin babura ma, ko Honda Roadmaster mai silinda biyu ce, ko Yamaha YB100, ko Suzuki A100. Injinansu sun bambanta, amma hanyar gane mai gyaransu ɗaya ce.

Wa zai gaji sana'ar?

Tambayar da ta fi damun masu tsofaffin babura ba ta yau ba ce, ta shekara goma masu zuwa ce. Abin da tsofaffin makanikai suka sani ba a rubuce yake ba. A kunne yake da yatsu, kuma ta hanya ɗaya ake gadonsa: yaro ya zauna kusa da maigidansa shekara da shekaru yana miƙo sufana. Yaran yanzu kuwa sun fi karkata ga gyaran Adaidaita Sahu, ko gyaran waya a kasuwanni irin su Farm Centre, inda kuɗi ke shigowa kullum. Ba wanda zai zarge su.

Sai dai akwai abin da ke hannun masu baburan. Littattafan gyara na Piaggio, da zanen kowane ƙarfe da awonsa, yanzu ana samun su a intanet, kuma matashin makanike mai son koyo zai iya karanta su a wayarsa. Abin da ba zai samu a waya ba shi ne babur ɗin da zai koya a kai da dattijon da zai gyara masa kuskure. Duk lokacin da aka kai Vespa wurin tsohon gwani aka biya shi yadda ya kamata, ana ba shi dalilin ci gaba da buɗe rumfa, ana kuma ba yaron da ke gefensa dalilin tsayawa ya saurara.

Shi ya sa wasu masu hawa, idan sun je karɓar babur, bayan sun sallami Baba sukan kira yaron da ya riƙe masa fitila su ba shi nasa daban, su tambaye shi abin da aka gyara. Idan ya iya bayani, sukan karɓi lambarsa su ajiye.